Murjanina a Cikin Bango

Shekarun baya, lokacin da kuɗin mai ya fara zuba a Fatakwal kowa yana gini, maigidana ya shigo wata rana da la'asar, ko hula bai cire ba, ya ce min zai sa teku a falo.

Ina tsugune ina gyaran alayyafo. Na ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. Me za a sa a falo?"

"Teku. Ba duka ba, kaɗan."

Na ce Allah ya taimaka, na ci gaba da tsinkar ganyena. A lokacin ana tsakiyar ginin sabon gidanmu, kuma na saba kullum ya dawo da wata sabuwa. Yau a ɗaga taga, gobe a sauke ta. Na ɗauka wannan ma kafin a yi sallar isha'i ya manta.

Bari in ɗan koma baya saboda waɗanda ba su san mu ba. Mu mutanen Kano ne, amma Fatakwal aka kawo ni amarya. Da aka yi tashin hankalin nan na kafin yaƙin basasa, muka bar garin a bayan motar shanu, ina goye da 'yar fari. Ban fita da komai ba sai zanen jikina da murjanin da mahaifiyata ta ba ni ranar da za a kai ni ɗaki. Ja ne, ƙwayoyinsa dogaye kamar guntayen kara, ita ma a wuyan mahaifiyarta ta gan shi. Na ɗaura shi a ƙugu ƙarƙashin zane, kafin mu isa gida har ya yi min shaida a fata.

Bayan yaƙi muka dawo muka kama ɗakunan haya a unguwar Borokiri. Yarinyar kuwa muka bar ta wurin mahaifiyata, wai sai abubuwa sun lafa. Abubuwa suka lafa, aka haifi ƙannenta a nan, ba wanda ya ce a je a ɗauko ta. Ni ba zan iya faɗa ba. 'Yar fari ce, ko sunanta ba na kamawa, balle in buɗe baki in ce ina kewarta. Abin da nake iya yi shi ne in riƙe mata murjanin nan, don nata ne ranar da za a kai ta ɗaki.

Tun da muka dawo kuma akwai wani ƙunshi a bayan ƙofata. Zannuwa, 'yan rigunan yara, garin kwaki a leda, murjanin a tsakiya cikin tsohuwar safa. Duk Juma'a sai na kwance na sake ɗaurewa. In taya ta fashe a titi, kafin in san abin da nake yi sai in gan ni tsaye a kansa. Maigidana ya san da shi. Kullum sai ya tsallake shi in zai rataye rigarsa, bai taɓa ce min uffan ba.

Shi nasa rashin natsuwar a ƙafa ya sauka. Mutumin da a da zai zauna a zaure ya yi hira har shayi ya huce, ya dawo ba ya iya zama. A tsaye yake cin abinci. Yau yana Anacha, jibi yana Inugu, in ya dawo kuma ya wuce wurin gini da igiyar awo a aljihu. Sana'arsa kai nama da albasa unguwar ma'aikatan mai, to a can ya gano wannan abu.

Ga yadda ya ba ni labarin. Ya je gidan wani Bature da ke kula da ɗakin abincinsu, aka ce ya jira a falo. A bangon falon akwai akwatin gilashi, tsawonsa ya fi gadon ƙarfe, cike da ruwa, da fitila a sama. Kifaye a ciki, wani rawaya kamar kwaɓin kurkum, wani shuɗi, wani mai zane-zane kamar atamfa. Ya ce ya zauna yana kallo, yana kallo, sai ji ya yi kuku yana taɓa masa kafaɗa. Ashe barci ya yi.

"Barci, Maman yara. A kujerar mutane, da rana tsaka, bakina a buɗe."

Yana faɗa yana dariya, amma ni ban yi dariya ba. Rabona da in ga mutumin nan ya yi barcin rana tun kafin mu hau motar shanu.

Daga nan gidanmu ya koma ofishin kifi. Aka sa magini ya rushe bangon da ke tsakanin falo da baranda, ya sake tayar da shi da rami a tsakiya. Maginin ya ce ruwa mai yawa haka nauyi gare shi, sai an ƙara rodi a ƙasa, aka fasa daɓen da aka gama aka ƙara. Gilashi aka ce na taga ba zai yi ba, sai mai kauri, Alhaji ya tafi Anacha da kansa ya zo da shi kwance a kan katifa, shi kuma yana zaune a bayan motar yana riƙe da shi kamar mai rakiyar mara lafiya. Ya kawo wani littafi mai hotuna daga wurin Baturen ya ajiye min a cinya, wai ni ce mai boko a gidan. Ni da ajin yaƙi da jahilci kawai na yi, Hausa aka koya mana. Na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, suka ƙi zama magana. Na ce masa, "Alhaji, hotunan dai suna da kyau."

Gwajin farko a babban darona aka yi shi. Ya tara ruwan famfo, ya juye gishirin girkina a ciki, yana ɗanɗanawa da yatsa kamar mai miya, har ya ce ya yi daidai da teku. Ya sa aka kawo kifaye masu rai daga kasuwar Creek Road aka zuba. Kafin magariba duk sun juya ciki sama. Tekun farko da tuwo muka ci shi.

Sai ga shi wata rana ya dawo fuska a sake, ya ce ya gano inda aka kuskure. Ruwan sai na tsakiyar teku, can gaba da tsibirin Bonny, ba na bakin gaɓarmu mai laka da maiƙo ba. Sannan akwai babban abin, wanda shi ne gidan kifayen, shi ne kuma kyan akwatin gaba ɗaya. Baturen ya faɗi sunansa da Turanci, kukunsa, wani dattijo mutumin Jos, ya fassara masa.

"Murjani ne," in ji Alhaji. "Sai da murjani. In babu shi, akwatin nan baho ne kawai."

Na zaro hannuna daga ruwan wanke-wanke. Na ce, "Murjani?"

"Murjani. Mai kyau kuma, na asali."

Ni duk duniya murjani ɗaya na sani. A duk unguwarmu kuma mace ɗaya ce take da na asali, shi ma ya sani. Na ga ya juya zai rataye riga, ya tsallake ƙunshina kamar kullum, sai na ga kamar wannan karon ya ɗan jima a kansa.

Za ku ce me ya hana ni tambaya. Na yi wa kaina wannan tambayar har na gaji. Abin da na lissafa shi ne, in na ce "Murjanina kake nufi?" zai ce e. In ya ce e, dole in ba da amsa. In na ba shi, na ba da kayan yarinyar nan, na kuma ba da abu ɗaya tak da na san zan iya ɗaurawa a ƙugu in sayar a kowace tasha in ciyar da 'ya'yana. In na hana shi, na hana mutumin da ya samu abin da ya sa shi barci. To sai na zaɓi hanyar da na fi iyawa. Na yi shiru, na ɓoye abina.

Na fara da buhun shinkafa. Kwana kaɗan na ga shinkafar tana ja da baya, na tuna wata rana zan auna shi a tukunya. Na mayar da shi cikin matashin kai, sai Alhaji ya ce matashin nan kamar akwai tsakuwa. Na kai shi ƙarƙashin tulu. Na kai shi cikin kwallar da ke can ƙasan jere. Na sa shi a gwangwanin daddawa, da na buɗe sai na ji kunyar mahaifiyata ta kama ni, na fito da shi na wanke na turara. Ina salla ina tunanin inda na ajiye shi jiya. Sau da yawa sai na bar tukunya a wuta na je na taɓa shi na dawo.

Shi kuwa bakinsa bai huta da kalmar ba. A kan abinci murjani, da baƙi murjani. Da ya fara sai in tuna ina da aiki a madafa. Ashe yana lura. Wata rana ya biyo ni har bakin murhu ya tsaya.

"Maman yara, ke ba kya son abin nan ko?"

Na ce, "Ni na isa in ƙi abin da kake so?"

"Ba haka na tambaye ki ba."

Na juya miya, na juya, sannan na ce a hankali, "Alhaji, in aka ce a tashi, wa zai ba kifayen abinci?"

Sai ya ɗauki igiyar awonsa ya fita. Ranar bai ci abincin rana a gida ba.

A waje ma ba su bar shi ba. Abokan kasuwancinsa suna zama a benci ƙofar masallacin unguwa, tagata tana kallonsu, duk ina ji. Sun sa masa Sarkin Ruwa. Da ya doso sai wani ya ce, "A ba Sarkin Ruwa hanya, kada ya jiƙa mu." Akwai wani dattijo a cikinsu, babban dillalin shanu, wanda tun kafin yaƙi yake garin, kowa Baba yake ce masa. Shi ya fi kowa tsokana.

"Alhaji, kifin nan in ya girma yanka shi za a yi?"

"Ba a ci, Baba. Na kallo ne."

"To ka sayi talabijin mana, shi ba ya mutuwa."

"Talabijin kowa yana da shi. Wannan har da murjani a ciki."

"Murjani? A ruwa? Mu dai a wuyan mata muka san shi. Allah ya kai mu ranar, in na gani da idona na ba ka raƙumi."

"Ina za ka samu raƙumi a Fatakwal?"

"Inda ka samu teku a falo."

Suka kwashe da dariya, shi ma ya yi, amma na san dariyar maigidana ta gaske, wannan ba ita ba ce.

Da wuraren ɓuya suka ƙare min a ɗaki, sai na ɗaura shi a ƙugu na tafi kasuwar Creek Road wurin ƙawata mai kifi. 'Yar ƙabilar Ijo ce, maƙwabciyarmu tun zaman farko. Ita ta riƙe min tukwanena da turmina duk tsawon yaƙi, ranar da muka dawo ta kawo min su a ka, har da murfin da ya fashe. Da Turancin buroka muke magana, ni tawa a karye, ita kuma ba ta taɓa gyara min ba.

Na ja ta bayan rumfa inda ake shanya kifi, na ciro safar. Ta ce, "Mama Hausa, wetin?" Na zazzage mata a tafin hannu. Ta goge ɗayan hannun a zane kafin ta taɓa. Ta ce wannan ai irin na sarakunansu ne, wanda ake sa wa a wuya ranar biki, tsoho ne kuma, ba na roba ba. Sannan ta ce, "Kin san daga ruwa yake fitowa?"

Na ce wane ruwa, wannan daga gabas fatake suke kawo shi.

"Fataken a ina suka samo? A ƙarƙashin teku yake tsirowa, kamar itace."

Ashe shi ya sa. Abin ruwa ne, Alhaji zai mayar da shi gidansu. Na ce ta taimake ni ta ajiye min shi zuwa wani lokaci. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Wancan karon tukwane kika bar min kika tafi. Yanzu kin kawo wannan. Ina za ki kuma?"

"Ba inda za ni."

"To in ba inda za ki, mayar da abinki gida. Ni na gaji da riƙon kayan mutanen da ba sa nan."

Ta mayar min da shi cikin safar, ta ƙara min da kifi busasshe a takarda, ta koma kan cinikinta. Na dawo gida da ƙafa, murjanin yana cizona a wurin tsohuwar shaidar nan.

Ana cikin haka Baturen ya tashi komawa ƙasarsu. Ya sayar wa Alhaji injin da ke hura iska a ruwa da fitilar sama, ya kuma yi masa odar sauran kayan har da murjanin, za su zo ta jirgin ruwa. Kafin ya tafi matarsa ta ce a kawo ni in ga nasu. Na so in ce ba ni da lafiya, amma Alhaji ya riga ya tsayar da tasi.

Jama'a, abin yana da kyau. Ba zan yi ƙarya ba. Na shiga falon nan na manta da gaisuwa. Ruwan garau kamar babu shi, kifayen suna yawo a hankali, babu mai korar wani. Na fahimci barcin Alhaji. Sai dai idona yana ta neman abu ja mai igiya, ban gani ba. Wasu duwatsu dai na gani masu rassa, wani kamar citta, wani kamar kan farin kabeji, wani da 'yan gashi-gashi suna motsi.

Na matsa kusa da kukun na ce, "Baba, ina murjanin?"

Ya nuna min cittar. "Ga shi nan, 'yata. Duk waɗannan."

"Wannan?"

"Shi ne. Danginsu ɗaya da na wuya, sai dai wannan ba a fere shi ba."

Na dubi cittar, na dubi Alhaji da ke can yana yi wa Bature bayani da hannu, na tuna buhun shinkafa da gwangwanin daddawa. Dariya ta taso min tun daga ciki. Na danne ta da gefen mayafi har hawaye suka fito, matar Baturen ta ɗauka kyan kifin ne ya sa ni kuka, ta kawo min ruwan sanyi tana shafa min baya. A tasi Alhaji ya ce, "Kin gani ko?" Na ce na gani. Ban faɗa masa komai ba. Muna isa na mayar da murjanina cikin ƙunshi, na ɗaure, na ce magana ta ƙare.

Ashe ba ta ƙare ba. A shekarun nan jiragen ruwa cunkushe suke a tasha, kowa ya yi odar siminti da motoci, jirgi sai ya yi watanni a kan ruwa yana jiran layi. Kayan Alhaji suna cikin ɗaya daga cikinsu. Kullum ya je, kullum a ce gobe. Gida ya kammala, an yi fenti, mai ɗakunan Borokiri ya riga ya ba wasu hayarsu, an sa ranar walima, an aika wa mutane har Anacha da Inugu. Mijin ƙawata ya kawo ruwan tsakiyar teku a durom-durom cikin kwalekwale, da farin yashi, da wasu 'yan kifaye masu ratsin baƙi da azurfa da suka shiga komarsa. Aka zuba, aka kunna inji, kumfa tana tashi. Kifayen suka taru a lungu ɗaya, don babu inda za su ɓuya. Baho, kamar yadda ya faɗa da bakinsa.

Safiyar walima mata sun cika tsakar gida, ana ta suya. Na shigo falo ɗaukar tire, sai na tarar da shi da guduma a hannu da ƙusa a baki, yana ƙoƙarin rataya labule a kan gilashin. Ƙusar ta faɗi, ya duƙa, ta sake faɗuwa.

Na ce, "Alhaji, rufewa za a yi?"

"Me zan nuna musu? Ruwa? Sun san ruwa." Ya jefar da gudumar a kan kujera. "Ni ba don Baba da raƙuminsa ba ne. Na so a ce akwai abu ɗaya a gidan nan da ba a ɗauka a gudu da shi. Abin da dole a zauna a kula da shi. Shi ke nan."

Ya fita duba masu kafa rumfa. Ni kuwa na tsaya da tire a hannu. Wata da watanni ina fassara mutumin nan, ashe ba kalma ɗaya kaɗai na fahimta baibai ba.

Ƙunshina yana bayan ƙofar sabon ɗaki, don shi na fara shigarwa kafin gado. Na kwance shi. Zannuwan na sa a akwati, rigunan yaran ma duk sun yi musu kaɗan ban lura ba, garin kwakin na ba kaji. Na wanke murjanin da ruwa zalla har ƙamshin turaren ya fita, kada ya cutar da kifi. A cikin itacen girki akwai wata saiwar itacen gaɓa mai rassa, wadda ruwa ya wanke ta yi fari. Na ɗauraye ta, na jawo turmi na hau, na zura hannu har kafaɗa na kafa ta a yashi, na danne da dutse. Sannan na naɗa murjanin a rassanta, na bar wani sashe yana lilo.

Ban taɓa ganin jansa ba sai ranar. Shekara da shekaru yana cikin safa. Ƙarƙashin fitilar nan, a cikin ruwa, sai ya zama kamar garwashi. Ina tsaye a kan turmi hannun rigata yana ɗiga, ɗaya daga cikin kifayen ya baro lungu, ya zo ya shinshina, ya bi ta cikin zagayen ya fita ta ɗaya gefen. Sauran suka biyo shi.

"Me kika yi?"

Yana bakin ƙofa. Na sauko a hankali na ce, "Ka ce sai da murjani."

"Ai ba irin wannan ba ne, Maman yara. Kin gani da idonki."

"Na gani. Amma kuku ya ce danginsu ɗaya. Ya riƙe musu wuri kafin 'yan uwansa su sauko daga jirgi."

Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wannan ai na ƙunshinki ne."

Ranar ce ta farko da ya ambaci ƙunshin nan da bakinsa. Na ce, "Na kwance shi."

Sai ya zauna. A ƙasa, a kan sabon daɓe, da babbar rigarsa ta walima, ya miƙe ƙafafu kamar yaro. Ni ma na tsuguna daga gefe. Ana kirana daga tsakar gida mai ya yi zafi, na ƙi ji. Muna kallon kifi, sai na ji bakina ya ce, "Yarinyar can ba ta taɓa ganin irin wannan ba."

Ya ce, "Motar ranar Asabar tana zuwa Kano. Ni zan je da kaina."

Da baƙi suka cika falo, Baba dillali ya ratsa su da sandarsa ya tsaya gaban gilashin. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Aka yi tsit ana jiran abin da zai ce.

"La ilaha illallahu. Murjani ne. Na asali kuwa, irin na tsohuwata." Ya juya ga jama'a. "Kai, ku zo ku gani, ashe haka yake fitowa a jikin itace! To wa ya shiga ya zura masa igiya?"

Wani daga baya ya ce, "Bature mana, Baba, akwai abin da ya gagare su?"

Alhaji ya ce, "Raƙumina, Baba."

"Yana hanya. Jirgi ɗaya suka hau da sauran kayanka."

Ranar na ji dariyar maigidana ta gaske. Kuma na tabbata da a ce kayan Bature sun iso a kan lokaci, da mutanen nan sun dubi cittar nan sun ce an cuci Alhaji.

Labarin buhun shinkafa sai bayan kwanaki na ba shi. Ya yi dariya har ya ƙware, yana cewa, "Wato matashin nan da ya hana ni sakat, dukiya nake kwana a kai?" Har ya bar duniya, Allah ya jiƙansa, in ya ga ina neman wani abu sai ya ce in duba gwangwanin daddawa.

Yarinyar ta zo da 'yar jakarta, doguwa, ba ta san ni ba sosai. Yaya take ce min, don mahaifiyata take kira Inna. Ta ƙi cin abinci, ta ƙi zama, sai da ta ga gilashin. Ta manna goshi a jiki ta ce, "Yaya, wa ya jefa abin wuya a ruwa?" Na ce nata ne, jiranta yake yi. Ta juyo ta dube ni, irin duban da ban samu ba tun tana goye.

Kayan jirgi sun iso bayan damina, rabi a farfashe, farare kamar ƙashi. Muka jera masu kyan a cikin akwatin, ni kuma na ɗauki guda ina goge kaushi, bai taɓa ba ni kunya ba. Irin murjanin mai rai da wasu kifayen da aka ce za su biyo baya ta jirgin sama ba su taɓa zuwa ba, ga wuta ana ɗaukewa, kifayen ma mun sha sauya su. Amma duk Juma'a, lokacin da a da nake ɗaure ƙunshi, sai na koma goge gilashi. Alhaji kuma bayan azahar yana kan kujerar da ke fuskantarsa, bakinsa a buɗe. Ranar da za a kai yarinyar ɗaki, da ludayin miya muka kamo murjanin, ƙawata mai kifi tana riƙe min turmi kada in faɗi.

Har yau in na ji ƙara mai ƙarfi a titi gabana yana faɗuwa, wannan bai tafi ba, ban kuma ce zai tafi ba. Garin nan mun ga daɗinsa mun ga akasinsa bayan wancan lokacin ma. Abin da na sani kawai, na yi shekaru ina tsammanin tanadi nake yi wa 'yata, alhali muddin abin nan yana ɗaure a bayan ƙofa, ita tana can. Da na yi wa maigidana tambaya ɗaya a bakin ruwan wanke-wanke, da na huta da wahalar watanni. Sai dai kuma da na tambaya, da ya ce ba nawa yake nufi ba, da na bar shi a safa.

Akwatin yana nan a bango, babu ruwa yanzu, gilashin ya tsage ta gefe. Yaran sun sha cewa a toshe ramin a sa talabijin. Na ce su bari sai bayan raina. Saiwar nan tana ciki a tsaye, rassanta a buɗe, in jikata ta kawo min ziyara da murjanin a wuyanta, nan take rataye shi kafin ta shiga wanka.